Yadda Anti Buɗe-Baki Ta Kai Buroshi Aji

A asibiti Sista ake ce mata, a gida Umma, amma sunan da ya bi ta har ya danne sauran shi ne wanda 'yan makaranta suka laƙaba mata: Anti Buɗe-Baki. Ba ta taɓa jin haushinsa ba. Ita da kanta takan ce in aka tara duk maganar da ta yi a wurin aiki aka tace, abin da zai rage bai wuce "buɗe baki" ba.

Gajeriyar mace ce mai jiki, mai saurin tafiya, tabarau rataye a wuya da igiya. Mahaifinta tela ne, ita ce 'yar fari. Tun tana ƙarama koyarwa take so. Takan ɗauke guntun allin da yake zana yadi da shi, ta jera ƙannenta a bayan shago, ta yi ta rubutu a jikin ƙyaure, wanda ya kasa amsa ta murɗe masa kunne. Da ta gama sakandare ta nemi makarantar horon malamai ba ta samu gurbi ba, sai a ta aikin jinya. Ta yi kukanta, ta share hawaye, ta tafi. Da ta fito aka tura ta sashen haƙori, can ƙarshen baranda kusa da ɗakin wanki, inda ba mai zuwa sai wanda dole ta kawo.

Ɗakin ba wani girma gare shi ba. Kujera ce ɗaya mai kwanciya, da fitila mai dogon wuya, da ɗan kwanon tofar da yawu, sai farantin ƙarfe da ake jera kayan aiki, da tukunyar dafa su a kusurwa. Likita ke cirewa da cikewa. Ita ke jera kaya, ta miƙa, ta kankare dattin da ya daskare a gindin haƙora, ta riƙe hannun mai tsoro. Ƙarti majiya ƙarfi sun sha murƙushe mata yatsu a kujerar nan suna kiran uwayensu. A nan ta yi ƙuruciyarta, a nan ta auri direban babbar motar fasinja, ta haifi 'ya'yanta, suka girma suka watse, aka bar mata auta kaɗai a gida.

Abin da ke cin ta a aikin ɗaya ne: ba mai zuwa da wuri. Sai kumatu ya kumbura, an sha magungunan kanti an gaji, an danna ƙwaya a ramin haƙori har dasashi ya ƙone, sannan a shigo riƙe da muƙamuƙi. A lokacin kuwa ba abin da ya rage sai filaya. Tsofaffi ba su cika ɗaga mata hankali ba. Yara masu kayan makaranta su ne ke hana ta cin abincin rana.

Auta tana da wata ƙawa da ake kira Rediyo, don in ta buɗe baki ba ta da makulli. Rediyon ce ke wakiltar makarantarsu a muhawara. In ta shigo gidan tun daga ƙofa ake jin ta, har maigidan yakan ce a rage mata murya yana son ya ji labarai. Wata safiya Sista na ɗaura takunkumi sai ga Rediyo uwarta ta riƙo ta, leɓenta na sama ya haye kamar an hura. Haƙoran gaba biyu sun yi baƙi daga ciki, ɗaya ya tara ruwa a saiwa. Likita ya duba, ya sake dubawa, ya girgiza kai. Ɗaya ya ceto, ɗayan ya fita.

Da aka gama, yarinyar ta zauna da auduga a baki, hawaye na bin gefen fuskarta. Sista ta tambaye ta a hankali yadda take kula da bakinta. Ta ce da safe takan goge, sama-sama, don kada ta makara. In tana karatu kuwa alewa take ajiyewa a bayan leɓe don kada barci ya ɗauke ta, wani lokaci da ita take wayar gari.

"'Yata, ba ki san tana cin haƙori ba?"

Rediyo ta cire audugar kaɗan ta ce, "Anti, wa ya taɓa gaya mini?"

Sista ta mayar mata da audugar a hankali.

Bayan 'yan makonni aka sa wa yarinyar haƙorin roba, ya zauna ɗas, in ba an faɗa maka ba ba za ka gane ba. Amma muryar Rediyo ta mutu murus. Ta janye daga muhawara. In ta zo gidan sai ta gaishe da mutane da hannu a kan baki, ta shige ɗakin auta. Maigidan ya tambaya ko batir ne ya ƙare, matarsa ta harare shi, bai sake ba.

Ranar hutunta ta gaba Sista ta sa takalminta ta nufi makarantar. Shugaban makarantar dogo ne mai furfura, teburinsa cike da takardu, wayarsa ba ta daina ƙara. Ya saurare ta da rabin kunne. Ya ce ai akwai darasin kiwon lafiya a jadawali, malamin wasanni ke riƙe da shi.

"Me yake koya musu, ranka ya daɗe?"

Ya ɗan sosa ƙeya. "Yawanci dai fili yake kai su."

"To a ba ni aron su, ko sau ɗaya a mako. Ba na neman komai."

Ya ba ta ajin manya, darasin ƙarshe na ranar ƙarshen mako, lokacin da yunwa ta ci kowa, hankali ya riga ya tafi gida. Ita dai murna ta yi. Ta zana babban hoton haƙori a kwali, ta rarraba sassansa, ta sa guga a farar rigarta.

Darasin farko ya watse mata a hannu. Ta manna kwalinta a allo, ta fara bayani irin na asibiti, ta ce wanda bai kula da bakinsa ba kafin ya tsufa zai rasa haƙoransa. Wasu suka kifa kai a tebur. 'Yan mata biyu na kitsa wa juna gashi a ɓoye. A layin baya akwai wani ƙaton yaro da ake kira Gwamna, wanda in ya yi dariya aji ya yi, in ya sha mur aji ya sha. Yana ta fasa cingam ƙas, ƙas. Ya ɗaga hannu cikin ladabin ƙarya.

"Anti, in sun zube ai akwai na roba. Har sun fi kyau, ba sa ciwo."

Aji ya kwashe da dariya. Sista ta hango Rediyo ta sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ƙararrawa na kaɗawa suka fice kamar an buɗe wa awaki ƙofa, suka bar ta da kwalinta da ya ɓalle ta gefe ɗaya yana lilo.

Ta isa gida. Maigidan ya dawo daga tafiya, yana zaune ya tsoma ƙafafu a ruwan ɗumi. Ta zayyana masa komai. Ya yi dariya har ruwan ya fantsalo.

"Maman yara, kin gaya wa ɗan shekara sha biyar zancen tsufa? Ai kamar ki ba shi labarin wata duniya ne. Ni ma in na ce wa fasinja ya ɗaura bel don kada ya mutu, ba ya ji. In na ce akwai jami'ai a gaba, kafin in rufe baki ya ɗaura."

Auta, da ke yanka albasa a bakin kicin, ta sa baki. "Umma, ba wanda ya damu da saiwar haƙori. Warin baki ake tsoro. Akwai wanda ba a son zama kusa da shi a ajinmu, shi kuma bai sani ba. Sannan kowa so yake ya fito da kyau a hoto."

"Shi ne ba ki gaya mini ba tun farko?"

"Ai ba ki tambaye ni ba. Kwali kika tambaya."

Sista ta kai mata duka da mayafi, ta kauce tana dariya. Amma maganar ta shiga.

Mako na gaba ba ta ɗauki kwali ba. Ta roƙi likita wata ƙwaya da ake taunawa, wadda ke rina duk dattin da ya manne a haƙori ya koma ja. Ta sayi ƙananan madubai, ta samo burusai sababbi daga wani kamfani da ke kawo musu kaya, ta zuba duka a jakar kasuwa. Ta kuma roƙi malamin wasanni ya shigo ya zauna, da usur ɗinsa a wuya.

Ta tsaya gaban aji ta ce, "Wa ya goge bakinsa yau?"

Hannaye suka tashi duka.

"Madalla. Wa ya yarda da gugarsa har zai bari a gwada?"

Hannaye suka sauka. Aka juya ana kallon layin baya. Gwamna ba shi da mafita, ya miƙe yana taku ɗai-ɗai, ya karɓi ƙwayar ya tauna, ya kuskure baki da yawu, ya tofar a bokiti. Ta ce masa, "Buɗe baki." Ya washe. Gindin haƙoransa duka ya yi ja, tsakankaninsu ya yi jawur, harshe kamar an shafa masa fenti. Aji ya ɗauki ihu, har da masu buga tebur. Gwamna ya kalli madubi, fuskarsa ta canja.

Sista ba ta bari dariyar ta yi nisa ba. Ta ce, "Kun gama? To shi ya yi ta maza. Saura ku." Ta bi layi-layi tana rabawa, ta miƙa wa malamin wasanni tasa, ta jefa ɗaya a bakinta. Cikin ɗan lokaci ba wanda ya isa ya yi wa wani dariya. Malamin wasanni ya kalli madubi ya ce shi daga yau ya daina yi wa kowa tsawa, kada a ga cikin bakinsa. Ita ma da ta sha shayi da sukari a hanya, ja ya fito mata a haƙoran ciki, ta buɗe ta nuna musu.

"Kun ga wannan jan? Ba abinci ba ne kawai. Ƙwayoyin cuta ne suka yi gida. Ba tsutsa ba ce, babu wata tsutsa a haƙori. In kun ci zaƙi su ma su ci, su fitar da tsami, tsamin ya riƙa ƙwaƙule haƙori. Su ne kuma ke sa wari. In ka ga abokinka na ja da baya in kana magana, ba girmama ka yake yi ba."

Wannan karon dariyar da aka yi ta daban ce, kowa na satar hura iska a tafin hannu yana shinshinawa.

Ta kwashe su zuwa famfon da ke bayan ajin. Ta nuna musu yadda ake karkata buroshi wajen dasashi, a riƙa ɗan zagayawa a hankali, ba a dirza kamar ana wanke tukunya ba. Waje, ciki, saman matauni, sannan harshe. Man goge baki kaɗan ya isa. A tofar, kada a bi da ruwa a wanke man duka. Da safe, da kuma kafin a kwanta, na kafin kwanciyar ma ya fi muhimmanci. Ta ce kowa ya zaɓi waƙa ɗaya a ransa, kada ya tsaya sai ta ƙare. Wata ta ce ita jini take gani in ta goge, shi ya sa take tsoro. Sista ta ce dattin ne ya sa dasashin fushi, ta ci gaba a hankali zai daina, in bai daina ba ta zo ta same ta. Gwamna ya ƙi barin famfo sai da jan ya fita tas, yana ture masu neman ruwa da gwiwar hannu. Ƙararrawa ta kaɗa, ba wanda ya motsa.

Daga ranar sunan ya kama ta. Tana shigowa ƙofar makaranta za ka ji ana "Anti Buɗe-Baki ta zo," yara na washe mata haƙora tun daga nesa.

Tambayoyin gaske ba a aji ake yi mata su ba. A hanyar fita ake tare ta, ɗaya bayan ɗaya, murya ƙasa-ƙasa. Wata rana ta kusa bakin titi sai ta ji taku a bayanta. Gwamna ne, hannu a aljihu, yana kallon wani wuri.

"Anti, wani abokina ne haƙorinsa ke ciwo."

"Allah sarki. Wane gefe yake yi wa abokin naka?"

Ya taɓa kumatunsa na hagu kafin ya tuna. Ta yi kamar ba ta gani ba, ta ce, "Tun yaushe?"

Ya ce ya daɗe. In ya sha ruwan sanyi har cikin kansa yake ji. Cingam ɗin ma da gefe ɗaya yake taunawa. Bai gaya wa kowa a gida ba, don ya ga yadda aka cire wa yayansa, shi kuma ba zai yarda a sa masa filaya ba.

"Ɗana, wa ya ce maka cirewa kaɗai muke yi? In ka zo da wuri, cikewa ake yi, ka tashi da abinka. Ka gaya wa babanka, ku zo tare."

Suka zo. Gwamna ya hau kujerar yana zufa, ya damƙi hannunta kamar sauran ƙartin da suka riga shi. Likita ya yi allurar kashe zafi, ya share ramin, ya cike. Da aka ɗaga kujerar yaron ya taɓa wurin da harshe ya ce, "Shi ke nan?" Sista ta juya tana wanke kayan aiki don kada a ga idonta. Ta daɗe ba ta ga ɗan makaranta ya fita ɗakin nan da haƙoransa cif ba.

Washegari Gwamna ya baza labari cewa shi ko gezau bai yi ba, har hira yake da likita. Sista ta bar shi da ƙaryarsa, don ta yi mata aiki: cikin zangon nan yara suka riƙa zuwa da ƙananan ramuka, wasu ma ba abin da ke damunsu, dubawa kawai suke so.

Ba kowa ya ji daɗi ba. A cikin makarantar akwai kanti na wani dattijo da yara ke kira Kawu, ya cika shi da alewa da biskit da lemon kwalba. Wata rana ya tare ta a gaban kantin, ya tuɓe hula ya mayar.

"Baiwar Allah, me na yi miki? Yara sun zo saye sai wani ya ce Anti ta hana. Da wannan kantin nake ciyar da gida."

"Kawu, ban hana ba. Cewa na yi in za a sha zaƙi a sha lokacin cin abinci, a kuskure baki, kada a wuni ana tsotsa. Ka kawo ayaba da lemon ɓawo da gyaɗa da ruwa. Ka kawo buroshi da man goge baki, kullum sai an tambaye ni inda za a samu."

"Ni da na shekara ina sayar da alewa, yau zan koma mai sayar da buroshi?"

Ya juya mata baya. Ta bar shi. Makonni suka wuce ba ya amsa gaisuwarta sai da ka. Ita kuwa duk wanda buroshinsa ya baje sai ta ce ya je ya tambayi Kawu. Suka dame shi da tambaya safe da rana, har ya gaji ya kawo kwali ɗaya na buroshi don a ƙyale shi. Kafin a tashi ya ƙare. Ya kawo ayaba, ta ƙare. Wata rana da ta zo wucewa ya ɓare lemo ya miƙa mata, ya ce cikin gunaguni wai matarsa ce ke son sanin ranar da ake ganin likita. Sista ta faɗa masa. Da ranar ta zo, Kawun ne ya bayyana a asibiti, shi kaɗai.

Sai matsalar famfo. Ɗaya ne tak, yara kuma sun fara zuwa da burusai a jaka suna son gogewa bayan cin abinci, layi har bakin ofis. Shugaban makaranta, wanda yanzu yake sauraronta da kunne biyu, ya kira taron iyaye. Sista ta yi magana, karo na farko ke nan da ta tsaya gaban manya masu yawa haka. Wani uba mai aikin famfo ya ce shi zai ja bututu. Wani magini ya ce shi zai yi kwami. Malamin wasanni ya kwaso 'yan ƙwallonsa suka haƙa rami. Kafin hutu aka jera famfuna a jikin bango, da dogon madubi a samansu.

Duk wannan abin Rediyo na gefe. Tana goge bakinta, tana zuwa aji, amma ba ta cewa uffan. Sista ta same ta a ɗakin auta ta ce tana so ta taya ta yi wa ƙananan aji magana.

"Anti, ki yi haƙuri. Kowa ya san na roba ne."

"To sai me? Bakin ai naki ne."

Ta girgiza kai. Sista ba ta matsa ba.

Zango na gaba yana farawa tsautsayi ya faɗa wa Sista. Tana saukowa daga matakalar asibiti da tire a hannu, santsi ya kwashe ta, ƙafa ta karye a sama da idon sawu. Aka ɗaure ta da filasta, aka ce ta kwanta. Ciwon bai dame ta kamar tunanin makaranta ba. Ta san halin yara: abu in ba a tsaye a kansa, ya bi ruwa. Kullum sai ta tambayi auta ana gogewa kuwa, auta ta ce, "Ana yi, Umma," ta wuce. Gajartar amsar ta sa ta ƙara tsarguwa. Maigidan ya ce in ba ta daina juyi a gado ba zai ɗaure ɗaya ƙafar ma.

Ranar da aka ba ta sanda, ba ta jira izinin kowa ba. Ta sa maigidan ya kai ta makarantar a mota. Lokacin darasinta ne. Ta dogara sandarta ta bi baranda a hankali, ta leƙa ajin manya, ba kowa. Ta ce a ranta an koma fili ke nan. Sai ta jiyo wata murya daga ɓangaren ƙananan aji, murya mai ƙarfi, mai gudu kamar ruwan famfo, wadda ta daɗe ba ta ji ba.

Ta matsa jikin taga. Manyan sun rarrabu cikin ƙananan, kowa da rukuninsa. Gwamna na tsaye a ƙofa da bokiti, yana hana hayaniya da ido kawai. Malamin wasanni na rabon madubai. A gaban allo kuwa Rediyo ce, hannayenta biyu a sake, tana zuba.

"Ku dube ni da kyau. Kun ga wannan na gaban? Na roba ne." Ta ƙwanƙwasa shi da farce. "Nawa na asali alewa ce ta cinye shi, ina barci tana aiki. Yana da kyau, ko ba shi da kyau? Yana da kyau. Amma ba na iya gatsa rake da shi, kuma ranar da aka cire nawa na yi kukan da ban taɓa yi ba. Wanda ke son irinsa ya ɗaga hannu, in gaya masa hanya mafi sauri."

Ba wanda ya ɗaga. Wani ɗan ƙarami ya tambaya ko yana fita. Ta ce yana fita, amma ba don 'yan kallo ba, aji ya fashe da dariya, ita ma ta yi, baki buɗe, ba hannu a kai.

Auta ce ta fara hango uwarta. Ta taɓa na kusa da ita, magana ta zagaya, sai ga aji duka ya miƙe. Suka yo waje suka kewaye ta, wannan ya karɓi jaka, wancan ya kawo kujera, Gwamna na ta "ku ba ta iska." Rediyo ta tsaya a gabanta tana murmushi.

"Anti, na yi daidai?"

"Kin manta harshe," in ji Sista.

"Yanzu zan zo wurin. Ke kika katse ni."

Ashe tun makon da ta kwanta suka haɗa kai, suka hana auta faɗa. Malamin wasanni ya ce shi bai yi komai ba, usur kawai yake hurawa. Shugaban makaranta ya fito daga ofis ya ce darasin ya bar ƙarshen rana, ya koma safe, kuma kowane aji zai samu.

A ƙarshen shekarar ma'aikatan lafiya suka zo zagayen duba 'yan makaranta kamar yadda suka saba. Babbarsu ta gama da ajin manya ta cire safar hannu, ta tambayi wa ke kula da bakin yaran nan. Aka nuna mata gajeriyar mace mai ɗingishi. Ba a daɗe ba asibiti ya rage wa Sista kwanakin ɗakin haƙori, aka ba ta makarantun yankin ta riƙa zagayawa, tana koya wa malamai su ma su koyar. Maigidan, da ya ajiye tuƙin babbar mota, shi ke kai ta, yana ƙorafin bai taɓa ɗaukar fasinja mai yawan ba da umarni irinta ba. Rediyo ta koma muhawara, ta ciyo wa makarantar kofi.

Wata rana Sista na kasuwa tana zaɓen tumatir, wata mata da ba ta taɓa gani ba ta dafa kafaɗarta.

"Ke ce Anti Buɗe-Baki?"

"Ni ce."

"To ƙara na kawo. Kin hana mu sakat a gida. Yaron nan nawa ba mai kwanciya sai ya bi mu ɗaki-ɗaki da buroshi. Ni, babansa, ƙannensa. Har kakansa bai bari ba, tsohon da haƙora uku suka rage masa a duniya."

"Shi tsohon ya yarda?"

"Da farko ya kore shi da sanda. Yanzu shi ke fara tambayar ina man yake."

Sista ta yi dariya har ta dafa teburin mai tumatir. Ta ce, "Ki ce wa Baba ya riƙa bi a hankali wajen dasashi, buroshi mai laushi za a saya masa. In ya samu hali kuma ku kawo shi mu gani."

Matar ta ce za ta faɗa masa, ta taya ta ɗaukar kwando har bakin titi, suna tafe tana tambayarta abin da ke sa haƙori tsami in an sha ruwan sanyi.